Faifanki da Tauraron da Ya Fashe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, wadda ke kwance a maƙabartar Fagam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Birnin Kudu muna lafiya. Malam, maigidana, yana sa ki cikin addu'a. Baba yana nan yadda kika san shi, sai dai idanun sun ƙara rauni, yanzu da murya yake gane mai sallama.

Na san gidan waya ba ya kai wasiƙa inda kike, kuma ko da yana kaiwa, ba kya karanta boko. Shi ya sa na aika wannan ga jarida. Waɗanda za su karanta ba su san ki ba, amma wataƙila wani cikinsu ya kai ƙarshe ya ce Allah ya jiƙanki, kin ga ta haka saƙona ya iso. Godiya nake so in yi miki, Inna, kuma sai na ba ki labari tun daga tushe kafin ki gane dalilinta.

Damina uku ke nan da rasuwarki. Kin tafi kina cikin haɗa mini kayan ɗaki. Faya-fayan da kika gama suna nan jere a bangon ɗakina, duk matar da ta shigo sai ta tambayi wa ya saƙa. Amma akwai ɗaya da ba ki gama ba, mai farar cibiya da jan zobe da ɗigo-ɗigon baƙi. Ciwo ya kwantar da ke basilla tana soke a jikinsa. Na naɗe shi a tsohon ɗankwalinki na sa a ƙasan akwati, na jibga littattafaina a kai. Shekara uku ban buɗe ba. Ina tsoron in gan shi in tuna cewa ban taɓa gama ko faifai ɗaya ba a gabanki.

Kin tuna yadda muke zama a gindin rumbu bayan azahar? Ke da kaba jiƙaƙƙiya a ƙwarya, ni da ɗan littafi ɓoye ƙarƙashin nawa aikin. Da yake ni ce ta fari, ba ki taɓa kiran sunana ba. Mai Littafi kike cewa. "Mai Littafi, hannunki ba ya zama, idonki ne kaɗai ke aiki." Sai ki ce tunda ba zan saƙa ba, in ɗaga murya in karanta, don kada mu yi asarar biyu. Kina yi kamar ba kya saurare. Washegari kuwa, kina tsaga kaba ba tare da kin dube ni ba, sai ki tambaya ko wannan falken na labarin jiya ya isa gida.

Kin kuma tuna Tabawa maƙwabciyarmu? Ta shigo da faifai mai faɗin tafin hannu biyu tana cika baki wai jiya-jiya ta fara. Kika ɗora yatsu kika auna. Bayan kwana biyu ta dawo da shi, kika sake aunawa, kika gaya mata ranar da ta fara, ranar sunan ɗan Maigari, kwana tara cif. Ta yi ta rantsuwa, daga baya dariya ta ƙwace mata. Bayan ta fita kika ce mini: "Faifai ba ya ƙarya. Ki gan shi yau, ki gan shi jibi, kin san ranar da aka ɗaura cibiyarsa."

A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Malam, kin san shi tun yana zuwa gaishe da Baba a kan keke, yanzu yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare a nan. Har bana a matsayin ɗan gwaji yake. Tun da kuɗin man fetur ya shigo, ana ta buɗe sababbin makarantu ko'ina, malamai kuma ba su isa ba, sai a ɗauki na nan a kai can. Shugaban makaranta ya gaya masa cewa sufeto zai zo daga Kano ya zauna a ajinsa. In darasin ya gamsar, a tabbatar da shi a bar shi a nan. In bai gamsar ba, sunansa zai shiga cikin waɗanda za a tura arewa, can kusa da iyaka. An kuma ce lallai darasin ya kasance da abin da ɗalibai za su gani su taɓa, ba rubutun allo kaɗai ba.

Kin san abin da wannan ke nufi gare ni. Daga nan, motar kasuwa nake bi ta Gwaram in je in ga Baba duk bayan mako biyu, in wanke masa kaya, in tsince masa hatsi, in ɗiga masa maganin ido. In aka kai mu can, sai dai daga salla zuwa salla. Da Baba ya ji, cewa ya yi kada in damu, shi ba yaro ba ne. Amma ya daɗe yana riƙe da hannuna kafin in fito.

Malam yana da aboki, Habu, wanda gwamnati ta tura karatu Ingila. Shi ne ya aiko masa da abin da zai koyar. Takardu biyu ne shara-shara, waɗanda ake ganin hannu ta bayansu, kowace da zane na tawada da Habu ya kwafa da hannunsa daga hotunan malamansu. Da na leƙa na ɗauka hatimi ne, har na tambayi Malam ko abokin nasa ya koma tsibbu a ƙasar Turawa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Zan gaya miki yadda na fahimta, in na yi kuskure nawa ne.

Ya ce taurari ma suna da ajali, Inna. Akwai manya waɗanda idan lokacinsu ya yi ba sa mutuwa a hankali, fashewa suke yi. Abin da ke jikinsu ya watsu ta kowane ɓangare, ya zama kamar ɓawo mai rami a ciki, ya yi ta faɗi yana tafiya. Wannan da ke jikin takardar ya fashe tun kafin a haifi kakan kakanmu, kuma har yau ɓawon bai tsaya ba. Ido ba ya ganinsa sosai, ko da madubin hangen nesa. Amma yana fitar da wani irin amo, dangin abin da rediyo ke kamawa. Sai masana suka kafa manyan kwanonin ƙarfe a jere a fili, suna fuskantar sama kamar kunnuwa. Ba ruwansu da dare ko rana ko hadari, saurare kawai suke yi. Abin da suka jiyo sai na'ura ta mayar da shi zane: inda amon ya yi ƙarfi layuka su matsu, inda ya yi rauni su warwatsu.

Da na kai wa Baba wannan labari, ya jawo rediyonsa ya ce in murɗa masa tashar, yana so ya ji ko tauraron da Hausa yake magana ko da Larabci. Na ce Malam ya ce ba magana ba ce, shuuu kawai yake yi. Baba ya ce to ai rediyonsa ya daɗe da kamo shi.

Takardun biyu hoton abu ɗaya ne, amma akwai 'yan shekaru tsakaninsu. In kika dube su dabam-dabam, sai ki rantse ɗaya ne. Sai an ɗora ɗaya kan ɗaya an ɗaga wa haske, sannan a ga na bayan ya ɗan leƙo, bai kai faɗin tsagin kaba ba. Akwai wasu dunƙule-dunƙule a jikin zoben, kowanne ya ɗan matsa waje, babu wanda ya koma ciki. Malam ya ce da wannan ɗan bambancin masana suke lissafi da baya, su san lokacin da aka fara.

Nan take faifanki ya faɗo mini a rai. Zobe mai kauri da ɗigo-ɗigo, tsakiya kusan fayau, ga kuma mutane suna auna yau da jibi don su san ranar farawa. Ban gaya masa abin da na tuna ba. Na dai riƙa ɗauko takardun idan ya tafi makaranta, in fito tsakar gida in ɗaga su wa rana in yi ta kallo, har na haddace inda kowane dunƙule yake.

Yanzu na zo wurin laifina.

Saura kwana shida sufeto ya zo. Na fito da takardun kamar kullum, na gama kallo, na ɗora su kan tabarma na danne da maburgi. Na shiga ɗaki don in ɗauko ambulan ɗinsu, idona ya faɗa kan wani sabon littafi da aka aro mini. Na ce shafi ɗaya kawai. Yarinyar cikin labarin tana cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, ana biye da ita. Kin san ni. Ban ji iska ba, ban ji kajin suna gudu ba. Sai da ruwa ya fara dukan kwanon rufi kamar ana zuba tsakuwa sannan na zabura.

Tawada ce, Inna. Kin san yadda rubutu ke bin ruwa idan an wanke allo. Na tarar da takardu biyu sun manne, shuɗin ruwa yana gangarowa daga tabarma zuwa magudana. Tauraron da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya, ni na kashe shi kafin a tafasa ruwan shayi.

Malam bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dubi takardun, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ajiye su. Tuwon da na kai masa ko loma uku bai yi ba. Wasiƙa zuwa Ingila da dawowarta ta fi wata. Ya zauna yana ƙoƙarin sake zanawa da ka, amma shi lissafin ya riƙe, siffar ba ta zauna masa ba, sai da'ira biyu kamar bakin kwano. Ya ce ba komai, zai nemi wani darasi, ko na maganaɗisu ne, wanda kowane sufeto ya gani sau ɗari. Na ji a muryarsa ya riga ya fara ɗaure kaya.

Washegari da safe, bayan ya fita, na sauke littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko ɗankwalinki. Har yanzu akwai ƙamshin man shanu da hayaƙi a jikinsa. Na yi kukana na gama. Faifanki yana nan yadda kika bar shi, jan galura bai koɗe ba, basilla ta ɗan yi tsatsa. Na san ba zan iya saƙa biyu cikin kwana biyar ba. Amma ai kin riga kin yi mini ɗaya.

Na sayo kaba da galura, na jiƙa, na tsaga, na zauna na ɗora naki a cinya ina kwafa zagaye bayan zagaye. Cibiyar kaɗai sau uku ina warwarewa. Na yi ta jin muryarki: "Ki ja, kada ki shaƙe." "Ciyawar ciki ta zama ɗaya, in ta yi kauri a nan ta rame a can, faifai zai yi doro." Ashe duk lokacin da nake karanta miki labarin falke, kunnena yana ɗaukar naki karatun ban sani ba. Daga an idar da sallar asuba nake zama, sai girki ya tashe ni, sai salla, sai haske ya ƙare. Yatsuna suka tsattsage. Yarinyar kwalekwale kuwa na bar ta a tsakiyar kogi kwana biyar, ban ko leƙa ta ba.

Na sa baƙin ɗigo daidai inda naki yake, amma kowanne na matsar da shi waje kaɗan, na kuma ƙara cikakken zagaye ɗaya a baki. Ranar da na gama na ɗora naki a kan nawa, na kai wa Malam tare da abincin rana. Ya ɗauka murfin kwano ne, har ya miƙa hannu zai ɗage. Sai ya tsaya. Nawa yana leƙowa ta ƙarƙashin naki, ja siriri, ta ko'ina. Na ba shi labarin Tabawa. Ya sa na maimaita maganarki sau biyu, ya rubuta a littafin darasinsa. Ya ce na ƙara gishiri, na gaskiyar bai faɗaɗa haka ba, amma zai gaya wa ɗalibai an ƙara ne don ido ya gani. Sannan ya cinye abincin tas, har ya nemi ƙari.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa: a taɓa naki da hannu mai tsabta, kada a zare basillar, kuma ya dawo mini da shi.

Ban je ajin ba, abin da ya gaya mini zan gaya miki. Ya fara da kwanonin ƙarfe masu saurare, sannan ya ba ɗalibai faya-fayan suna miƙa wa juna. Ya ce su ɗauka ƙaramin na yau ne, babban na jibi, su gaya masa ranar da mai saƙa ta fara. Suka ƙirga zagaye, suka yi ta gardama, har suka fitar da amsa da kansu. Daga nan ya ce to haka masana suka yi da tauraro. Ya ce ajin ya yi tsit, irin tsit ɗin da malami ke nema shekara guda bai samu ba.

Sufeton dattijo ne mai tabarau, bai yi murmushi ba tun da ya shigo. Da aka tashi ya karɓi faya-fayan, ya kife su yana duba bayansu. Ke kika ce faifai ta baya ake saninsa, ashe shi ma ɗan gida ne. Ya ce ƙaramin hannun gwana ne, babban kuwa na mai koyo ce, kuma tana sauri. Da Malam ya gaya mini na ji haushi na ɗan lokaci, daga baya na ga ai abin da za ki faɗa ke nan, har da saurin. Ya nemi ya tafi da su biyun Kano ya nuna wa wasu malamai. Malam ya ce babban zai iya bayarwa, ƙaramin amana ne, mai shi ta rasu. Dattijon ya mayar da shi da hannu biyu ya ce Allah ya jiƙanta. Kin ga, Inna, tun kafin jarida, wani da bai san ki ba ya riga ya yi miki addu'a.

Mako uku muna jira. A makon da ya wuce takarda ta zo. An tabbatar da Malam, an bar mu a Birnin Kudu.

Ranar Juma'a na tafi Fagam da faifanki a cikin jaka. Dawa ta kai gwiwa, duwatsun hanya duk sun yi kore. Na gaya wa Baba ba inda za mu. Ya yi hamdala, ya yi ta maimaitawa. Sannan na sa masa faifan a hannu ban faɗi ko na wane ne ba. Ya bi shi da yatsu daga cibiya zuwa baki, har ya taɓa basillar. Sai ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Wai lokacin da kike kwance, ƙanwarki ta ɗauka za ta ƙarasa, kika hana. Kika ce: "Bar wa Mai Littafi. Hannun yana nan, bai dai farka ba tukuna."

Inna, da kin faɗa mini ko sau ɗaya. Amma na sani, ta fari ba a yabonta a fuska, kunya ba za ta bar ki ba. Kin faɗa wa wasu, maganar ta yi shekara uku tana tafiya kafin ta iso kunnena. Na ji yanzu. Na gode.

Na gode da kika bar ni da littattafaina ba ki ƙona ko ɗaya ba, ko da maƙwabta suna cewa kin sangarta ni. Na gode da kika riƙa maimaita magana ɗaya ga yarinyar da kamar ba ta ji. Na gode da wannan faifai da kika bari a buɗe. Da shi na gyara ɓarnar da na yi wa mijina, da shi na samu zama kusa da Baba.

A ranar, bayan la'asar, na jiƙa kaba na zauna a gindin rumbu, a wurinki. Na goge tsatsar basillar da toka, na kama daga inda kika tsaya, na ƙara zagaye ɗaya. Ana ganin inda hannu ya canza, ban ɓoye ba. Baba yana gefe da rediyonsa yana shuuu, ya ce in bar masa a haka, tauraronsa yake saurare. Jiya na ƙara wani zagayen, yau ma haka. Na ce wa Malam duk wanda ya auna wannan faifan yau da jibi zai yi kuskuren shekara uku a lissafinsa. Ya ce su ma masanan suna lura da irin wannan, don ɓawon ba kullum yake tafiya da sauri ɗaya ba. Ban san faɗin da kika yi niyya ba, don haka ban san inda zan tsaya ba. In ya wuce murfin kwano, sai ya zama na sheƙar hatsi.

Af, yarinyar kwalekwale ta tsallake lafiya. Na san za ki tambaya.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya faɗaɗa shi iya ganinki. Allah ya saka miki da Aljanna a kan kowane zagaye da kika ɗinka kina haƙuri da ni. Ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ni ikon kula da shi yadda za ki so, ya sada mu a inda babu rabuwa. Amin.

Na bar ki cikin amincin Allah.

'Yarki ta fari,
Mai Littafi